Tamojin Gefen Ido: Zanen da Wanzami Bai Yi Ba

Matanin laccar da aka gabatar ga mazauna Agege, Legas



Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titin jirgin ƙasa na Agege ya zuba wa masu wucewa ido, zai ga fuskokin da da wuya wani gari a Arewa ya tara masa su wuri ɗaya. Ga Bagobiri da zanensa da ya taso daga gefen baki ya nufi kunne, ga Babarbare da nasa a tsaitsaye, ga Bayarabe mai tsaga uku a kunci, ga kuma 'yan zamani waɗanda aska ba ta taɓa fuskarsu ba. Goro ne ya fara tara mutanen nan. Da layin dogo ya tashi daga Iddo ya isa Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano wajen 1912, sai fatake suka riƙa yada zango a Agege suna sayen goron yankin, a ɗaure shi da ganye a loda wa jirgi. Shanu suka biyo baya, mayankar Oko-Oba kuwa ita ce shaida.

Amma akwai zane guda da ya haɗa dukkan fuskokin nan, ba ya tambayar ƙabila, kuma ba a biya wanzami ko kwabo a kansa ba. Layuka ne uku ko huɗu da ke tasowa daga wutsiyar ido su bazu wajen kunne, su fito fili in mutum ya yi dariya ko ya ƙanƙance ido. Bahaushe ya haɗa su da sauran yamutsewar fuska ya ce tamoji, ya huta.

Wasu al'ummu ba su huta ba, sai da suka raɗa musu suna nasu na kansu, kuma yawancinsu tsuntsu suka gani. Turawan Ingila da Jamusawa suna ce musu sawun hankaka. Faransawa da Rashawa sun ga ƙafar dinya, mutanen Sifaniya ƙafar zakara, na Italiya da na Fotugal ƙafar kaza. Sinawa ne suka kauce, suka ce wutsiyar kifi. Sunan na Ingilishi ya tsufa ƙwarai: wajen shekarar 1385 mawaƙi Geoffrey Chaucer ya sa wani kawu a cikin waƙarsa yana tsorata 'yar ɗan'uwansa, wai ta yi maza ta karɓi masoyi tun sawun hankaka bai fito mata a ido ba. Wato tun farkon fitowar kalmar a rubuce da barazana ta zo, kuma mace aka yi wa.

Kalmar ba ta tsaya a fuska ba. Da ita Turawa ke kiran wani ƙarfe mai tsini huɗu da mayaƙa a da can suke watsawa a hanyar dawakin abokan gaba, wanda ko ta yaya ya faɗi sai tsini ɗaya ya dubi sama. Tela yana da ɗinki mai kusurwa uku da yake ƙarfafa bakin aljihu da shi, sunansa ke nan. Makanike a Ladipo yana da kan sifana mai buɗaɗɗen baki da ke shiga lungun da hannu ba ya kaiwa, shi ma haka. Matashin da ke rubuta manhajar kwamfuta a Yaba yana zana layi mai yatsu uku don ya nuna cewa abu ɗaya yana haɗe da abubuwa da yawa, salon da ake danganta wa Gordon Everest tun 1976, shi ma sawun hankaka yake cewa. A kunnen Bahaushe dai sunan bai yi dace ba, domin hankaka a wurinsa mai fuska biyu ne, gabansa fari bayansa baƙi, alhali layukan nan an daɗe ana ɗaukarsu shaidar cewa mutum ba ya munafunci.

Dalilin wannan zato yana cikin tsokar da ta kewaye ido kamar zobe. Ita ke ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, ita ke runtse shi in ƙura ta taso, ita ke tura kunci sama in dariya ta zo. Fatar da ke kanta ta fi ta ko'ina a fuska sirantaka, a kan fatar ido kaurinta bai wuce rabin milimita ba, ga ƙarancin maiƙo. Duk sanda tsokar ta tsuke sai fatar ta naɗe a wuri ɗaya. A ƙuruciya tana komawa daidai nan take, saboda zaren kolajin da ilastin da ke ƙarƙashinta suna da ƙarfi. Da zarar mutum ya gama girma kolajin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara, mace kuwa tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Sannu a hankali layin da a da sai an yi dariya yake fitowa ya zauna daram, ko mutum yana barci.

Wani likitan Faransa, Guillaume Duchenne, shi ya fara ba layukan nan daraja a kimiyya. A littafin da ya wallafa a 1862 ya nuna hotunan wani dattijo da ya riƙa ɗana wa wayar lantarki a fuska yana motsa tsokokinta ɗaya bayan ɗaya. Da lantarki ya ja gefen bakin tsohon sama, sai aka sami abin da ya yi kama da murmushi amma idon a mace. Da ya ba shi labarin ban dariya, sai gefen idon ya tattare. Duchenne ya yanke cewa baki yana bin umarnin mutum, tsokar ido kuwa zuciya take bi. Charles Darwin ya yi amfani da hotunan a littafinsa na 1872, daga baya masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman na Amurka ya sa wa irin wannan murmushi sunan Duchenne.

Ba sai da wayar lantarki Bahaushe ya san wannan ba. Yana da murmushi, yana da fara'a, yana kuma da yaƙe, wanda haƙora ne kawai a waje. Da ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ba haƙoran yake nufi ba. Amaryar da aka kai gidan da ba ta so, da ɗan haya a gaban mai gidan da ya ƙara masa kuɗi, duk suna buɗe baki, amma mai lura gefen ido yake duba. Addini ma ya ƙara wa abin nauyi, tunda ya zo a hadisi cewa sakin fuska ga ɗan'uwa sadaka ne. A wannan ma'auni dattijon da gefen idonsa ya tattare mutum ne da ya daɗe yana sadaka.

Sai dai a yi hattara, kada a mai da abin doka. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutane da yawa suna iya tsuke tsokar nan da gangan, kuma duk dariyar da ta yi ƙarfi, ta gaske ko ta ƙarya, tana jan gefen ido. Duk wanda ya taɓa cinikin rago a Alaba Rago ana jibi Sallah ya san dillali yana iya dariya har ido ya rufe, alhali lissafin la'adarsa yake yi.

A Legas kuwa, ba dariya ce ta fi zana fuskar talaka ba. Rana ce. Garin yana kusa da tsakiyar duniya, hasken da ke cinye kolajin yana sauka da ƙarfi duk shekara, kuma hadari ba ya tare shi duka. A watan Afrilu na 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 a Amurka, wanda ya yi shekara 28 yana tuƙi. Ɓarin fuskarsa na hagu, wanda ke jikin taga, ya yamutse ya yi kauri kamar na wanda ya girmi na dama da shekaru masu yawa. Gilashin taga bai hana hasken shiga ba. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a nan ma a hagu yake zama. Masu dakon tumatir da albasa daga Arewa zuwa Mile 12, da direbobin tirela da ke kwana a layin Apapa, suna iya duba madubi su gwada ɓangarorin biyu.

Ɗan acaɓa ba shi da ko tagar. Shi da mai tura ruwa a kura, da mai gyaran takalmi da ke zaga unguwa da akwatinsa, da mai tallan rake, wuni suke ido a ƙanƙance saboda haske da ƙura da hayaƙin danfo. Rana tana raunana fatar daga ciki, ƙanƙancewar tana naɗe ta daga waje. Shi ya sa ake ganin ɗan shekara talatin da 'yan kai ya koma gida Sallah, ƙannensa su ce Legas ta tsufar da shi. Akwai kuma wanda ke ƙanƙance ido don ba ya gani sosai, tabarau yake buƙata bai sani ba, musamman bayan shekara 40 da karatun rubutu na kusa ke fara wuya.

Duk da haka baƙar fata tana da gata. Wani bincike na 1979 ya auna cewa sinadarin melanin da ke cikinta yana ba ta kariya daga rana kusan ninki huɗu na wadda farar fata ke samu, 13.4 a ma'aunin masu bincike a kan 3.4. Saboda haka tamoji yakan makara wajen zuwa wa baƙin mutum, sau da yawa da shekara goma ko fiye. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Hayaƙi ma yana da hannu. A 1971 wani likita a Kalifoniya, Harry Daniell, ya duba gefen idon mutum fiye da 1,000 yana ba tamojinsu maki, ya tarar masu shan taba 'yan shekara arba'in da wani abu suna da tamoji irin na waɗanda ba sa sha da suka girme su da shekara 20. Taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da fata, tana kuma zuga sinadaran da ke narkar da kolajin. Wani bincike a ƙasar Sin a 2015 ya sami ƙarin tamoji a fuskar matan da ke girki da itace ko gawayi. Mai tsire da ke tsaye kan wuta daga la'asar zuwa tsakar dare, da mai tuwo-tuwo a bakin murhu, ba sa buƙatar a fassara musu.

Duk wannan karatun likita ne. Karatun unguwa daban yake. A ƙasar da waɗanda suka haura shekara 65 ba su wuce kusan kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, kuma rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba, tamoji ba abu ne da ake tsinta a ko'ina ba. Shi da furfura su ne takardar shaidar da ke sa a ce wa mutum Baba ko Iya, a tashi a ba shi kujera, a kira shi sasanci in rigima ta tashi tsakanin 'yan Arewa da masu gari. A nan Bahaushe da Bayarabe bakinsu ɗaya: wancan ya durƙusa, wannan ya kwanta rub da ciki. Al'ummar da ta saba karanta asalin mutum a kuncinsa ba ta sha wuyar karanta shekarunsa a gefen idonsa ba. Zanen wanzami yana ƙarewa, domin dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, jihar Legas kuma ta yi tata dokar a 2007. Wannan na gefen ido babu majalisar da za ta soke shi.

Amma gaskiya ɗaya ce, girmamawar ba ta rabu daidai ba. Layin da ke ƙara wa alhaji kwarjini shi ne ake yi wa uwargida gori da shi ranar da aka kawo amarya. In kuma tsohuwa ta zama ba ta da kowa, ga talauci, ga jan ido, to tamojin da ya kamata ya jawo mata tausayi yakan jawo mata zargin maita. Barazanar da kawun nan ya yi a waƙar Chaucer sama da shekara 600 da suka wuce, ita ake yi wa mata yau a gidan biki, kuma a kanta kasuwa ta kafa rumfa.

Rumfar masu kuɗi tana Lekki da Ikoyi da Victoria Island, inda ake yin allurar Botox. Guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, irin wadda ke kashe mutum in ta shiga abincin gwangwani da ya lalace, aka tace ta aka rage mata ƙarfi. A 1987 wata likitar ido a Vancouver ta Kanada, Jean Carruthers, tana yi wa masu ciwon tsukewar fatar ido allurar, sai ta lura tamojin tsakanin girarsu yana ɓacewa. Ita da mijinta Alastair, likitan fata, suka bi diddigin abin. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar don layin tsakanin gira a 2002, don na gefen ido kuma a watan Satumba na 2013. Aikinta shi ne ta kwantar da tsokar na wata uku zuwa huɗu, sai a koma a sake biya. Tsokar da ake kwantarwar ita ce dai wadda Duchenne ya ce tana bin zuciya, don haka in hannu ya yi nauyi sai mutum ya sayi yaƙe da kuɗinsa.

Rumfar talaka ta fi yawa, ta kuma fi ɓarna. Ita ce kwalbar mai marar suna da ake haɗawa a ɗaki, a tallata a WhatsApp da Instagram, a ce yana goge tamoji, yana haska fata, yana mai da tsohuwa yarinya. Kowa ya sha jin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man bilicin, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a nan Legas aka samo shi, a wani bincike da aka buga a 2002 kan 'yan kasuwa 450, kuma har da maza a cikin masu shafawar. Bai dace a shafa wa matan ƙasa duka ba, amma a kan kasuwannin garin nan magana ce ta kai tsaye. A watan Fabrairu na 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa.

Abu uku aka fi samu a cikin mayukan nan. Akwai haidirokwinon, wanda ke hana fata yin melanin. Akwai magungunan sitiroid masu ƙarfi da aka yi don kumburin fata na 'yan kwanaki, ba don shafawar shekaru ba. Akwai kuma zaiba, wadda ke ratsa fata ta sauka a ƙoda. A 2008 Farfesa Yetunde Olumide da abokan aikinta na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka sani sarai, sun wallafa bayanin abin da suke gani a wurin masu shafawa: fata ta yi sirara har jijiyoyi su fito, nankarwa, ƙuraje, wari, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa, har da hawan jini da ciwon sukari. Haidirokwinon in an daɗe ana shafa shi yana juyewa ya bar baƙin tabo mai duhun shuɗi, cutar da likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975. Wurin da tabon ya fi so shi ne ƙashin kunci da gefen ido, inda rana ta fi duka.

A nan ne gatan da aka ce a riƙe yake dawowa. Mai shafawa ta cire melanin ɗin da ke jinkirta mata tamoji, sitiroid ya ƙara sirantar da fatar da dama ita ce mafi sirantaka, sannan ta fita ƙarƙashin ranar Legas. Layin da zai jira ta har ta kai hamsin sai ya same ta tana talatin da biyar, ya zo da tabo a bayansa. Mai haɗa man kuwa ya ce ai ba ta shafa isasshe ba ne, ga wani mai ƙarfi.

Tunda ana gefen ido, kwalli ma ya cancanci kalma biyu. A 2011 likitoci a Boston sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, suka gano daga kwallin da ake sa masa ne. Da aka auna garin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mutanen da suka san abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata su sa wa jariri kwallin da ba su san dutsen da aka niƙa ba.

Abin da aka tabbatar yana rage tamoji ba shi da yawa, kuma ba ya ɗaukar talla. Wani gwaji a Ostareliya da aka buga sakamakonsa a 2013 ya bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, ya tarar masu shafa man kariya daga rana kullum fatarsu ta fi ta sauran jinkirin tsufa da kashi 24 cikin 100, ko da yake fararen fata ne aka gwada. Akwai maganin tiretinoyin da likitan fata ke rubutawa, yana aiki a hankali cikin watanni, kuma ba a ba mai ciki. Man kaɗanya yana tausasa fata ya sa layin ya rage fitowa, amma ba ya share shi. Malfar da manomin Arewa da makiyayi suke sawa tana yin aikin da ya fi na yawancin kwalaben kasuwa, haka baƙin tabarau ga direba da hular kwano mai gilashi ga ɗan acaɓa.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai sitiroid kada ta yanke shi rana ɗaya. Fuska takan yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, shi ne ma abin da ke mayar da mutane da yawa ga kwalbar. Likitoci suna rage shi ne mataki-mataki cikin makonni. Akwai sashen masu ciwon fata a asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, wanda mota ɗaya ce daga Pen Cinema, akwai kuma na Idi-Araba. In za a je a tafi da kwalbar man, ko da babu rubutu a jikinta.